Da Gumin Ma'aikatansa Aka Sayi Shinkafar Sadakar Mijina

Zuwa ga Anti Badiyya,

Assalamu alaikum. Don Allah Anti ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai wuce firamare ba sai 'yar Islamiyya. Sunayen da zan ambata duk na sauya su.

Ranar Talatar da ta wuce da hantsi ina zaune ina tsintar wake na ji sallama. Naziru ne, babba a cikin ma'aikatan marigayi mijina. Da yake ina cikin takaba, sai ya tsuguna daga bayan labule muka gaisa. Ya daɗe yana kame-kame kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce wai sun zauna su huɗu sun yi shawara, kuɗin likkafani da na kabari sun yafe har ga Allah, Oga ubansu ne, ko ba a cire ba su masu bayarwa ne. Amma na shinkafa da kanofi da kujeru ya yi musu nauyi, in roƙar musu Ja'afar, ƙanin mijina, ya rage musu wani abu.

Da farko ban gane ba. Na ce wace shinkafa? Ya ce ta sadakar Oga mana. Anti, a nan na gane. Wallahi sai da na ajiye farantin waken. Shekaru nake cikin warin ɗanyar fata, ban taɓa jin ƙyama irin ta ranar ba.

Bari in koma baya don ki fahimta. Mu mazauna Agege ne a Legas, a nan aka kawo ni tun ina amarya. Mijina Malam, Allah ya ji ƙansa, sana'ar ganda yake yi. Da asuba yana abbatuwa ya sayi fatun shanu a hannun mahauta, a turo su a baro zuwa rumfarmu, a babbake, a kankare, a wanke, a jiƙa su kwana, matan Yarabawa masu sayar da abinci su zo daga Ogba da Iyana Ipaja su saya. Ni ina wajen wanki da yanka, tare da wata dattijuwa Mero. Masu babbaka da kankara kuwa 'yan ci-rani ne daga ƙauyukan wajen Gumel, suna zuwa bayan an gama girbi, su koma in ruwa ya sauka. Aikin wuta ne Anti. In kin ga hannun Naziru sai kin kau da kai, duk tabon ƙuna ne, gashin girarsa ma ya daina fitowa.

Yadda suke yi da Malam tun da can, ba sa karɓar kuɗin aikinsu. Kullum yana ba su na abinci da na sabulu, sauran su bar masa ajiya. Su da kansu suke roƙon haka, don Legas tana cinye kuɗin aljihu, kuma a ɗakin da suke kwana mutum goma ne, ba wurin ɓoye komai. In damina ta kusa sai ya kira kowa shi kaɗai ya damƙa masa abinsa a dunƙule, ya ƙara masa sabulu da atamfar matarsa, ya raka su har inda tirelolin shanu suke juyawa Arewa, ya yi magana da direba. Da kuɗin nan suke sayen taki da iri. Ba takarda tsakaninsu, ba sa hannu. Shi ya san na kowa, su ma sun san nasu, kuma ban taɓa jin an yi musu a kan ko kwabo ba.

Ciwon Malam bai daɗe ba. Ƙaninsa Ja'afar shi ya yi ta ɗawainiya da shi a asibiti, wannan ba zan ɓoye ba ko da ina fushi da shi. Ya rufe shagonsa na kayan waya ya tare a can. Shi ya riƙe masa kai lokacin da rai ya yi halinsa. Da aka dawo daga maƙabarta shi ya tsaya kan komai. Ranar sadakar uku aka kafa kanofi har ya tare layinmu, aka jera kujerun roba, aka dafa shinkafa da nama a manyan tukwane. Ranar arba'in aka sake. Mutane suna ta cewa Malam ya bar ƙani na gari. Ni kaina na kira shi gaban 'yan uwan da suka zo daga Kano, ina kuka ina sa masa albarka, na ce ya rufa mana asiri. Ya sunkuyar da kai ya ce ba komai matar Yaya, ai wajibinsa ne. Ashe ajiyar bayin Allah nan ya kwasa ya yi wajibin nasa da ita.

Abin da yake dawo mini kullum shi ne, su ne suka yi hidimar ranar. Naziru ne ya ɗauko buhunan shinkafar a ka daga bakin titi. Su suka kafa kanofin, su suka wanke tukwane, sai da kowa ya watse suka zauna a gefen kwata suka ci ƙanzo. Na aika musu da ragowar nama ina jin na yi abin kirki. Kuɗinsu ne na aika musu da shi Anti, har suka aiko a yi mini godiya. Na ci shinkafar nan, na ba 'ya'yana, na raba wa maƙwabta da sunan Allah ya kai ladan kabarin Malam. Wane lada? Tun ranar Talata ko ƙamshin dafa-duka na ji daga ɗakin maƙwabciyata sai na tashi na rufe taga.

Da yammar Talatar na kira Ja'afar ya zo. Ban ɗaga murya ba, na tambaye shi kawai. Bai ma musa ba. Ya ce asibiti ta cinye duk abin da ke hannu, ranar da Yaya ya rasu babu ko na likkafani a gidan, sai kuɗin da ya tarar a ajiye, shi kuma bai ga sunan kowa a jikinsu ba. Ya ce da ya bari a yi zaman makokin Yaya ba abinci, da ni ce zan fara jin kunya. Ya kuma kawo maganar fatun da suka lalace. Gaskiya ne, ranar rasuwar akwai ɗanyun fatu da aka sayo da safe, kowa ya watsar ya taho gida, suka kwana uku a rumfa cikin zafin nan har suka yi tsutsa aka zubar. Ya ce sakacin ma'aikata ne, dole su ɗauki rabonsu na asarar. Su kuma sun ce wa zai hura wutar babbaka gawar Oga tana kwance a gida? Har nan ina iya saurarensa. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, ai su suka fi kowa cin shinkafar, in an cire musu ba a zalunce su ba. Tir. Ban san lokacin da na ce ya tashi ya ba ni wuri ba.

Kada ki ɗauka su ma ma'aikatan sun bar ni da daɗin rai. Akwai Khamisu a cikinsu, mai zafin kai. Shekaranjiya ya tsaya a bakin rumfa gaban mahauta da masu saye yana ɗaga murya, wai Oga ya tafi lahira da kuɗinsu a cikinsa. Malam fa! Mutumin da ya kai shi asibiti a kan babur lokacin da tafasasshen ruwa ya zube masa a ƙafa, ya biya, bai cire masa ko sisi ba. Ya kuma ɗauke baron aiki ya kai ɗakinsu ya ce jingina ce. Mero ta gaya mini kuɗin da yake cewa yana bi ma ya ƙara a kai, Naziru da kansa ya ce bai kai haka ba. To wa zan gaskata? Wanda ya san gaskiyar yana ƙarƙashin ƙasa. Ita ma Meron, ashe ta san komai tun kafin arba'in, ta yi shiru wai kada ta ƙara mini baƙin ciki. Kowa ya sani a layin sai ni, ina ta yi wa mutane godiya kamar sakarya.

Yanzu aiki ya tsaya. Ruwa ya sauka a garinsu, matar Naziru ta bugo ta ce maƙwabta sun yi shuka, gonarsu ce kaɗai take kwance. Ja'afar ya ce su karɓi abin da ya ba su, wanda bai kai rabi ba, ko su bari sai baɗi. Abin da Malam ya bari ba yawa: rumfar, da firiza, da babur ɗinsa da ke nan a rufe da leda, ɗana ƙarami kullum sai ya hau ya zauna yana kwaikwayon babansa. Ina da 'yan kunne na zinariya da ya saya mini. Ina tsoron in matsa wa Ja'afar a ce tun takaba ba ta ƙare ba na fara kiran ƙanin mijina ɓarawo. Shi kaɗai ne dangin 'ya'yana a Legas, kuma shi ke riƙe da rumfar. Ina kuma tsoron Malam yana can ana tambayarsa amanar da bai ci ba. Mutum ne da ko canjin naira hamsin ya manta bai mayar ba sai ya koma da ƙafa.

Ina jin ƙyamar Ja'afar, ina jin ƙyamar bakin Khamisu, har kaina nake jin ƙyama in na tuna hannuna a cikin farantin shinkafar nan. Na ce wa Naziru ya ba ni kwana biyu. Kwana biyun sun wuce. Har yanzu ba a biya su ba, kuma ban ba shi amsa ba.

Taki,
Mai takaba daga Agege

*

Amsar Anti Badiyya

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ji ƙan Malam, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. Na karanta wasiƙarki har ƙarshe, kuma rubutunki ba abin da ya rage masa.

Ki fara da cire kanki daga cikin masu laifi. Kin ci abin da aka ba ki a matsayin sadaka, ba ki san tushensa ba. Malam ma bai ci amanar kowa ba, ya ajiye ta har ya koma ga Allah, bayansa aka taɓa. Ƙyamar da kike ji daidai ce, ni ma na ji ta da na iso wurin dariyar nan. Amma ƙyama ba za ta sayi taki ba, kuma damina ba ta jiran kowa ya huce.

Kuɗin nan na ma'aikata ne, ba gado ba ne, ba jarin rumfa ba ne. Abin da malamai suka koyar da mu shi ne ana fitar da haƙƙin mutane daga abin da mamaci ya bari kafin magada su taɓa komai. Ki tabbatar da wannan a bakin limamin unguwarku don ki samu abin dogara. Saboda haka roƙon da Naziru ya kawo, na a rage musu, bai ma taso ba. Ba ragi za a yi musu ba, abinsu za a mayar musu. Likkafani da kabarin da suka ce sun yafe, ki sa a fara damƙa musu kuɗin a hannu. Wanda ya mayar bayan ya riƙe, shi ne ya yi kyauta. Fatun da suka lalace kuwa asarar rumfa ce. Ba a yi da su cewa za su raba riba ba, ba kuma za a raba musu asara ba, balle asarar da ta faru suna bin gawar ubangidansu.

Sai Ja'afar. Ya yi kuskure babba, ya ƙara da magana mai ƙazanta. Duk da haka ban ga ɓarawo a wasiƙarki ba. Kuɗin ba aljihunsa suka shiga ba. Na ga mutumin da ya rufe shagonsa ya yi jinya, ɗan uwansa ya mutu a hannunsa, ya waiwaya ya ga gida ba ko sisi ga baƙi suna tahowa daga Kano, ya ɗauki abin da ya gani. Mai sayar da kayan waya ne, wataƙila a lokacin bai san nauyin ajiyar 'yan ci-rani ba. Da ya gane, an riga an yabe shi a bainar jama'a, ke ma kin sa masa albarka, sai komawa baya ta yi masa wuya. Yawancin mutane in kunya ta kama su a irin wannan wuri, taurin kai suke yi. In kika tozarta shi zai ƙara ƙanƙamewa, ma'aikatan su rasa shuka, 'ya'yanki su rasa baffa.

Ki sake kiransa, ke da shi da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, limamin ko wani babba cikin mahauta da ya san Malam. Ki fara da jinyar da ya yi, don gaskiya ce. Sannan ki ce masa kin ɗauki abin da aka kashe a matsayin bashin da gidan Malam ya ci a ranar ƙunci, yanzu kuma lokacin biya ya yi. Kada kalmar sata ta fito daga bakinki. Ki bar masa hanyar da zai gyara da hannunsa, har ma ya zama shi zai miƙa musu kuɗin. In ya ƙi, dattijon ya kai maganar ga manyanku na Kano. Ba wanda zai zargi matar da ta ce a sauke wa mijinta nauyi.

Kafin wannan zaman, ki kira ma'aikatan ƙofar ɗakinki. Takaba ba ta hana ki magana daga bayan labule ba. Ki gaya musu da bakinki cewa ba ki sani ba, kuma kuɗinsu suna nan a wuyan gidan. Wannan kaɗai zai kashe rabin wutar. Sannan dattijon ya ji kowa shi kaɗai, kamar yadda Malam yake yi, ya faɗi ranar da ya zo da abin da yake bi, a gwada da shaidar 'yan uwansa. Tare suka zo, tare suke aiki, sun san na juna. Inda aka saɓa, kamar na Khamisu, a biya abin da kowa ya yarda da shi nan take, ragowar a bar wa dattijon ya yanke.

Maganar Khamisu a kan Malam ta yi muni, kuma dole ya janye ta a wurin da ya faɗe ta. Amma ki jinkirta neman wannan sai an biya shi. Mutum ne da ya yi rani guda a bakin wuta, aka ce masa ya koma gida kusan hannu rabbana. Tsoro ne yake fita ta bakinsa. In kuɗinsa suka shiga hannunsa, ina kyautata zaton da kansa zai turo baron ya kawo, kansa a ƙasa. Mero kuma ki yafe mata, tausayi ne ya yi mata yawa.

Ina za a samo kuɗin? Na san abin da babur ɗin yake a wurin ɗanki, kuma ba da sauƙi nake faɗa ba, amma shi ya kamata a fara sayarwa, da sanin dattijon da Ja'afar. Firiza da rumfa su ne abincinku na gobe, a bar su. 'Yan kunnenki naki ne, ba wanda ya isa ya ɗora miki sayar da su. In kika ga babur bai isa ba kika so ki cika, ki yi a gaban shaidu a matsayin rance ga gidan. Ja'afar ma a nemi ya kawo abin da zai iya, ko kaɗan-kaɗan ne, tunda shi ya yanke shawarar kanofi shi kaɗai. In duka ba su samu a mako ɗaya ba, a ba kowa abin da zai kai shi gida ya sayi iri da taki, a sa ranar da za a tura sauran ta waya, a kuma cika. Yaron in ya girma za ki gaya masa inda babur ɗin babansa ya tafi, ba zai ji kunya ba.

In Allah ya kai mu baɗi suka dawo, kada ki karɓi ajiyar kowa a ka. Wannan tsari ya yi aiki ne don akwai Malam. Ki biya su duk mako, ko a tura wa kowa a asusunsa, in kuma sun nace sai an ajiye musu, a ware kuɗin daban da shaida.

Allah ya ba ki haƙuri da ƙarfin zuciya, ya daidaita tsakaninki da ƙanin mijinki, ya ba su Naziru damina mai albarka. Ina sa ran ranar da aka sallame su za ki iya dafa shinkafa ko mudu ɗaya ce da kuɗin hannunki, ki yi wa Malam sadakar da ba ta da haƙƙin kowa. Amma wannan sai an biya. Yau dai Naziru yana jiran amsarki, ki aika a kira shi.

Anti Badiyya